Jitar bes da amfilifaya a Sakkwato: wanne ya dace ka saya, kuma ina ya kamata kuɗin su fi tafiya

Mai sayen jitar bes, wato jita mai kaurin murya, a Sakkwato ba lissafinsa ɗaya da na mutumin Legas ba. A nan akwai zafin bazara da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, akwai hunturu mai busar da katako ya cusa ƙura a kowane rami, akwai wutar da rabin ranar janareta ce, sannan in tsirkiya ta tsinke ko wani ƙaramin ƙarfe ya lalace, sau da yawa sai an aika Kano ko kasuwar Alaba. Ko ƙungiyar coci ce ke saye, ko masu kiɗan biki, ko mai situdiyo da ya gaji da bes ɗin fiyano, shawararmu ɗaya ce: a sayi jita mai sauƙin gini mai lafiyayyen wuya, a zuba kuɗin da suka fi yawa a kan amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da abin kare ta daga wuta. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Su ƙarar da kuɗi a kan jita mai walƙiya, su jona ta da sifikar da ba ta iya ɗaukarta, sannan su ce jitar ce ba ta da kyau.

Precision, Jazz, ko mai batir

Kusan duk jitar bes da ke kasuwa jikar gini biyu ne na kamfanin Fender. Na farko shi ne Precision, wanda Leo Fender ya fitar a 1951. Tun 1957 aka raba maganaɗisun ɗaukar sautinsa, wato fikof, gida biyu, kuma wannan rabon ne ke kashe gurnanin wuta da ke fitowa a sifika. Maɓalli biyu kawai gare shi: ƙarfin sauti da kaifinsa. Muryarsa mai kauri ce, tana zama a ƙarƙashin kalangu da ganga ba tare da ta yi kokawa da hannun hagu na mai fiyano ba. Wuyansa ya fi cika hannu, faɗinsa a sama wajen milimita 41 zuwa 44.

Na biyu shi ne Jazz, wanda ya fito a 1960 da fikof biyu sirara da wuya mai faɗin milimita 38. Ya fi daɗin kamu ga mai ƙaramin hannu, ya fi launin murya iri-iri, kuma mai bugun babban yatsa da fizgar tsirkiya shi zai fi so. Sai dai yana da hali guda da ke fitowa fili a garinmu: in ka buɗe fikof ɗaya ka rufe ɗaya, yana kwaso gurnanin wuta mai hez 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gurnanin yana ƙaruwa a ɗakin da ba a ja wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa, ba, ko kusa da fanka da cajar waya marar kyau. In aka buɗe biyun daidai wa daida gurnanin yana mutuwa. Ana rage matsalar da liƙa tef ɗin tagulla a cikin ramukan fikof da na maɓallai, a haɗa shi da wayar ƙasa ta jitar. In ba a haɗa ba, aikin banza ne.

Akwai kuma gauraye, fikof ɗin Precision a tsakiya, na Jazz guda kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, kamar yadda Yamaha TRBX174 da wasu Squier Affinity suke. Ga wanda jita ɗaya zai mallaka, wannan ne muka fi ba da shawara.

Mai batir kuwa, wanda Music Man StingRay na 1976 ya yi wa suna, yana da ƙaramar na'urar ƙara sauti a cikinsa da ke cin batir mai bolt 9, wasu kamar Sire V7 biyu suke ci. Yana ba ka ikon ƙara ƙasa da sama daga jikin jitar, kuma sautinsa ba ya raunana a doguwar waya. Amma ka san abin da ka ɗauko. Soket ɗin jitar shi ne makunnin batir, don haka in ka bar waya a jone ka tafi gida, batir na ci har gari ya waye. Batir mai araha na kabon ba ya jimawa, sai alkalin, shi kuma ba kowane shago ake samun na gaske ba. Alamar mutuwarsa ita ce sauti ya fara karcewa a kan bugu mai ƙarfi, daga nan ya ɗauke. In na'urar ciki ta ƙone, samun irinta a nan sai an yi jira. In dai sai mai batir kake so, nemi wanda ke da makunnin komawa babu batir, irin Yamaha TRBX504 ko Sire, don ranar da batir ya ba ka kunya a tsakiyar taro ka danna ka ci gaba.

Tsirkiya huɗu ko biyar

Mai huɗu muryarsa mafi ƙasa ita ce E, wadda ke kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Mai biyar yana ƙara B a ƙasa, wajen sau 31. Amfanin ta biyar a bayyane yake ga mai bin mawaƙan da ke rera waƙa a E-filat ko D, musamman a coci inda mai fiyano ke sauya maki, wato matakin muryar waƙa, yadda ya ga dama. Tsadarta ba a jitar kaɗai take ba. Saitin tsirkiya biyar ya fi tsada ya fi wuyar samu, wuyan ya fi faɗi, kuma B tana buƙatar sifikar da za ta iya da ita. A jita mai biyar ta ƙasan kasuwa, B takan zama sako-sako, tana faɗa-faɗa a kan ƙarafan da ke jere a wuya, inda ake danna tsirkiya, ba tare da fitar da murya tsayayya ba. Gara mai huɗu na kirki da mai biyar na banza. In za ka gwada mai biyar, danna B a ƙarfe na uku da na biyar ka saurara: in ba ka iya bambance muryoyin biyu da kunne, ajiye ta.

Tsawon tsirkiya na yau da kullum inci 34 ne. Akwai gajere mai inci 30 da ya dace da yaro ko mai gajeren hannu, amma tsirkiyarsa ta musamman ce, sai ka riƙa saye biyu-biyu.

Batun tsirkiya da kanta ya cancanci a tsaya a kai, don gumin bazara yana kashe ta da wuri. Mai kaushi, wadda aka naɗa da zagayayyar waya, ita ce mai kaifin murya, amma gumi da ƙura suna shiga tsakanin naɗin, cikin 'yan makonni ta dushe. Mai santsi, wadda aka naɗa da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ba ta da inda datti zai maƙale, tana shekaru a jiki, muryarta kuma mai taushi ce da ta dace da Precision. Tana da tsada a ranar saye, amma sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Mai son kaifi ya tsaya a mai kaushi mai lambar kauri 45 zuwa 105, ya goge ta da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa, in ta dushe ya cire ya jiƙa ta kwana ɗaya a sifirit.

Amfilifaya: hanya uku

A nan ne ake yawan asara. Amfilifayar jita ta gama-gari ba ta yi wa bes, don sifikarta ba a gina ta don doguwar kai-da-kawo ta ƙananan muryoyi ba, kuma tana yagewa. Haka ƙananan sifikun da ake ja da taya ana talla da su.

Hanya ta farko ita ce haɗaɗɗiya, inji da sifika a akwati ɗaya. Mai wat 25 zuwa 40, irin Fender Rumble 40, ta ɗaki ce da koyo. Mai wat 100 da sifika inci 12 tana isar ƙaramin coci ko atisaye in mai ganga yana da tausayi. Amma da zarar an fita fili ƙarƙashin rumfar biki, babu bangon da zai maido da sauti, sai ka ji bes ya ɓace kamar an zuba ruwa a rairayi. A nan kana bukatar wat 300 zuwa sama. Ka lura da yadda kamfanoni ke rubuta lamba: Rumble 500 wat 350 take bayarwa ita kaɗai, sai an ƙara mata akwatin sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) take kai 500.

Hanya ta biyu ita ce inji daban, akwatin sifika daban. Ta fi tsada da farko, amma in ɗaya ya lalace ba ka rasa duka ba, kuma kana iya sauya ɗaya ka bar ɗaya. Akwati mai sifika huɗu 'yan inci 10 yana ture iska fiye da mai guda ɗaya inci 15, kuma muryarsa ta fi fitowa tsaf, sai dai nauyinsa sai mutum biyu. Mai inci 15 guda ya fi sauƙin ɗorawa a Keke Napep. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi wa kunne; ƙara akwati na biyu ya fi jin tasiri.

Dole a fahimci lissafin om kafin a jona komai. A bayan inji an rubuta mafi ƙarancin om da yake ɗauka, yawanci 4. Akwati biyu masu om 8 in aka jona su tare sun zama 4, lafiya lau. Biyu masu om 4 sun zama 2, kuma injin da aka rubuta masa 4 zai yi zafi ya kashe kansa, ko ya ƙone. Mai om 8 da mai om 4 tare suna ba da kusan 2.7, shi ma ya yi ƙasa. Tsakanin inji da akwati kuma wayar sifika ake sawa, mai kaurin jijiya biyu, zai fi kyau mai kan Speakon da ke kulle kansa. Wayar jita siririya ce a ciki, tana zafi ta narke ta haɗe, ta tafi da injin.

Hanya ta uku mutane ba su cika tunaninta ba, alhali ita ce mafi araha ga wanda ke da miksa da manyan sifiku masu sab, wato sifikar da ke fitar da muryar can ƙasa. Ƙaramin akwati ne da ake kira DI, irin SansAmp Bass Driver ko Behringer BDI21 mai sauƙin kuɗi: jita ta shiga, wayar makirfo mai baki uku ta fita zuwa miksa. Ga mai situdiyo wannan ya wadatar, ba ya buƙatar amfilifaya sam. Kuma tunda yawancin masu sauraro a waya suke jin waƙa, sifikar waya kuwa ba ta fitar da can ƙasa, a ƙara tsakiyar murya wajen hez 700 zuwa 800 don bes ya fito. A dandali kuwa matsalar ita ce mai bes ba zai ji kansa ba sai da monita, wato sifikar da ke fuskantar makaɗi. Shi ya sa muka fi son haɗaɗɗiya mai wat 100 zuwa 200 wadda ke da mafitar DI a bayanta: ita ce monitarka, manyan sifiku su ɗauki jama'a. Amfilifayar da ba ta da wannan mafita, mu dai ba za mu saya ba.

Sai bambancin gini. Injinan zamani marasa nauyi, ajin D, ba sa zafi sosai, ana ɗaukar wasu da hannu ɗaya. Amma allon cikinsu ƙanana ne ƙwarai, in wuta ta buge su mai gyaran rediyo ba ya iya komai sai a sauya allon gaba ɗaya. Tsofaffin masu babbar taransifoma, irin tsofaffin Peavey da Hartke, suna da nauyin tsiya, amma taransisto da kafasito ne da ake samu a kasuwa, kuma mai gyara na gari yana tashinsu. Wanda kayansa ke zaune wuri ɗaya kamar coci, tsohon gini ya fi masa. Mai yawon biki da ke hawa da sauka kullum ya ɗauki mara nauyi ya kare shi da kyau. Masu kwalba, wato injinan da ke ƙara sauti da kwalaben lantarki maimakon taransisto, irin Ampeg SVT na 1969, duk da daɗin muryarsu, ba na nan ba ne: zafi, nauyi, tsadar kwalabe, kuma in aka kunna su babu sifika a jone suna lalacewa.

Lambar wat da za ka yarda da ita ita ce wadda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da inji ke iya bayarwa a ci gaba, tare da om. Wadda aka rubuta PMPO da dubbai ado ce.

Wuta

Wutarmu bolt 230 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, kuma jona su kai tsaye sau ɗaya ya isa. Karanta rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta kafin komai. In 120 ne kaɗai, sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da injin ke ci, kuma a ɗaure ta da injin da tef don kada wani yaro ya jona ba da ita ba. Wasu injinan suna da makunnin 115 da 230. In ka sauya, duba ko fis ma yana buƙatar sauyi. Kayan da suka fito daga Turai ko suka shigo ta Kwanni da Illela yawanci wutarsu ɗaya da tamu, bakin filogi ne kawai daban.

Sa sitabilaiza mai ninkin abin da kayan ke ci. A tada janareta ya daidaita tukuna, a kunna miksa, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko. Kada ta raba layi da firiza ko injin ruwa. Inbata mai araha da ba ta fitar da tsaftatacciyar wuta tana sa ƙugi a sifika, ba laifin jita ba ne.

In ka taɓa tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo ka ji wuta ta ja ka, tsaya nan take. Wannan alamar babu wayar ƙasa ce ko wani inji na zubar da wuta, kuma yana iya kisa. Kada a taɓa karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani. Ɗan makunnin ɗage ƙasa da ke jikin DI shi aka yi domin wannan, layin sauti kaɗai yake yankewa.

Saiti, da abin da hunturu ke yi

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin kusan kilo 80, sandar ƙarfe da ke cikin wuyan ce ke riƙe shi. Katako ya fi son laimar iska kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da 20. Don haka jitar da aka saita a Legas za ta motsa in ta iso. Ba ta mako biyu a cikin jakarta kafin ka taɓa saitinta, sannan ka riƙa aunawa sau biyu a shekara, shigar hunturu da shigar damina.

Jeren aikin ba ya sauyawa. Ɗaure tsirkiyoyi daidai da tuna, wato na'urar auna muryar tsirkiya. Danne tsirkiyar E, wato mafi kauri, a ƙarfe na farko da na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da kan ƙarfe na takwas: milimita 0.3 ake nema, kaurin fallen takardar A4 uku in ba ka da filageji, wato fallayen ƙarfe na auna rata. In ratar ta yi yawa, ɗaure sandar da alanki, wato ɗan makulli mai kusurwa shida, zuwa dama. In babu rata sam, sassauta zuwa hagu. Rubu'in juyi kawai, ka sake ɗaure tsirkiya, ka bari ya kwana. Alankin ya zama daidai ramin, don na inci da na milimita suna kama da juna, kuma wanda bai zauna ba yana cinye bakin noti. In ta ƙi juyawa kada ka tilasta; sandar da ta karye kusan sabon wuya ke nan.

Sannan tsayin tsirkiya daga jaki: a ƙarfe na 17, wajen milimita 2.4 a E, 2 a G, wato tsirkiya mafi siranta. Katin ATM uku a haɗe suna ba da kusan 2.3. Bayan nan fikof: danne ƙarfen ƙarshe, a bar wajen milimita 3 a gefen E, 2 zuwa 2.5 a gefen G, don in ya matso sosai maganaɗisu yana jan tsirkiya muryar ta riƙa rawa. Na ƙarshe daidaiton murya: kaɗa tsirkiya a sake, ka danna ƙarfe na 12 ka duba tuna. In ta haura, ja sirdin jakin baya nesa da wuya. In ta gaza, matso da shi gaba.

In hunturu ya tsotse katako, bakin ƙarafan wuya yana fitowa yana yankar hannu. A rufe katakon da tef a goge bakin da siririn fayil a lokacin da bushewar ta kai ƙarshe, ba zai sake fitowa ba. Fuskar wuya mai duhu marar fenti tana son 'yan ɗigon man ma'adinai sau ɗaya ko biyu a shekara, ba man gyaɗa ko manja ba, don suna yami su yi danƙo. Soso mai ɗan laima a cikin gidan sabulu mai huji, a jefa cikin jaka, yana taimakawa. Kada a bar jita a but ɗin mota da rana.

Saye na hannu, sayarwa da musaya

Jitar gwanjo ta Yamaha, Ibanez, Cort ko Squier ta fi sabuwa marar suna, matuƙar wuyanta lafiya. Ɗaga ta kamar bindiga ka leƙa tsawon wuyan daga kai. Lanƙwasa kaɗan ana gyarawa, amma in gefe ɗaya ya murɗe ya bar ɗaya, bar ta ko nawa aka rage. Nemi izinin mai kaya ka juya sandar ciki kaɗan hagu da dama ka mayar. Danna kowane ƙarfe a kowace tsirkiya. Ƙarar maɓalli in ana juya shi yawanci ƙura ce, feshin wanke lantarki yana maganinta, dalilin neman ragi ne, ba na fasa ciniki ba. Sunan Fender a kan jita ba hujja ba ne, jabu sun yi yawa. Jitocin Fender da aka ƙera a Meziko lambarsu tana farawa da MN, MZ ko MX, amma lamba ma ana kwafa, don haka in farashin ya yi daɗi fiye da kima, biya kuɗin abin da hannunka da kunnenka suka tabbatar kawai.

Amfilifaya kuwa a bar ta tana aiki da ƙarfi rabin awa, don mai ciwon zafi ba ta nunawa a minti biyar. Shinshina ramin iska ko akwai ƙauri, duba fanka na juyawa. A kashe, ka tura takardar sifika a hankali da yatsu a baje kewaye da tsakiya. In ka ji karce, kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin sifika, ya taɓu. Mitar auna om za ta nuna wajen 5.5 zuwa 7 a akwati mai om 8, wajen 3 a mai om 4. In ta nuna wani abu daban da rubutun baya, an sauya sifikun ciki.

In daga nesa za a aiko, nemi bidiyon da ake kaɗa kowace tsirkiya, da hoton lambar jita da na bayan inji. Wuyan da aka ɗaure da noti huɗu ana iya kwance shi a naɗe daban, ya fi tsira a motar kaya. Kada ka biya duka kafin ka ga takardar tasha.

Wajen sayarwa, kayan da ke da suna sananne su ne ke riƙe daraja, kuma sauye-sauyen da ka yi ba sa dawo da kuɗinsu, don haka ajiye kayan asali ka mayar kafin ka sayar. Sabuwar tsirkiya da saiti mai kyau suna ɗaga farashi fiye da abin da suka ci. A musaya da ciko, a yi wa kowane kaya kuɗi daban tukuna sannan a fitar da bambanci, a kuma yanke la'adar dillali tun farko. Faɗi aibin kayanka da bakinka, ko gyaran da aka taɓa yi wa inji. A rubuta takarda mai lambar jita da ta amfilifaya, da sunan mai sayarwa da shaida biyu, domin kayan kiɗan da aka sace daga coci ko situdiyo ta wannan hanyar ta hannu suke fita, kuma ranar da mai su ya gane abinsa, wanda aka samu da shi a hannu ne zai fara amsa tambaya.